Asisat Oshoala da Tarihin Ƙwallon Ƙafa na Mata a Nijeriya, 2009 zuwa 2025

1.0 Gabatarwa

Idan ana zancen ƙwallon ƙafa a ƙasar nan, hankalin yawancin jama'a yakan tafi ne ga 'yan wasa maza. Amma idan muka duba tarihi za mu tarar da cewa ƙungiyar maza ta ƙasa sau 3 ta ci kofin Afirka, watau a 1980 da 1994 da 2013, alhali kuwa ƙungiyar mata, wadda ake kira Super Falcons, ta ci nata kofin har sau 10 tsakanin 1998 da 2025. Wannan kaɗai ya isa ya sa manazarta su waiwayi wasan matan, su tambayi kansu daga ina 'yan wasan suke fitowa, kuma a ina suke ƙwarewa.

A cikin wannan takarda za mu bi tarihin ɗaya daga cikinsu, watau Asisat Oshoala, tun daga lokacin da ta fara wasa tana yarinya a Legas har zuwa shekarar 2025. Mun zaɓe ta ne domin ta yi fice tun tana da ƙuruciya, kuma sau 6 ana zaɓen ta gwarzuwar 'yan wasa mata ta Afirka, abin da babu wata mace da ta taɓa samu kafinta. Abin da muke so mu nuna shi ne, a gida aka gano baiwarta, amma a ƙasashen waje baiwar ta nuna, domin gida ba shi da tanadin da zai riƙe irinta. Za mu fara da taƙaitaccen tarihin wasan, sa'an nan mu dubi ƙuruciyarta, da zamanta a ƙetare, da halin da take iskewa duk lokacin da ta dawo yi wa ƙasa wasa.

2.0 Yadda Wasan Ya Faro

Ya kamata tun farko mu lura da cewa ƙyamar ƙwallon ƙafa na mata abu ne da aka sha fama da shi a ƙasashe da yawa. A Ingila, inda aka tsara dokokin wasan, hukumar ƙwallo ta hana mata yin wasa a filayen ƙungiyoyinta a 1921, ba ta janye hanin ba sai a 1971. A Birazil ma doka ce ta gwamnati ta haramta wasan daga 1941 zuwa 1979. Hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya kuwa, watau FIFA, ba ta shirya wa mata gasar cin kofin duniya ba sai a 1991 a ƙasar Sin, shekara 61 bayan ta fara shirya wa maza tasu.

A Nijeriya, wasu masu hali ne suka fara kafa ƙungiyoyin 'yan mata da kuɗin aljihunsu, musamman a Legas da sauran biranen Kudu. Daga cikinsu akwai Gimbiya Bola Jegede, mai ƙungiyar Jegede Babes. An fara gasar ƙungiyoyin mata ta ƙasa a 1990, kuma da shekara ta zagayo Nijeriya ce ta wakilci Afirka a gasar duniya ta farko, ko da yake an cinye ta a duk wasanninta uku, ba ta zura ƙwallo ko ɗaya ba. Tun daga nan har zuwa 2023 ba a yi wata gasar duniya ta mata ba tare da Nijeriya ba. A 1998 aka yi gasar Afirka a Kaduna da Abeokuta, inda Nijeriya ta doke Ghana da ci 2 da nema a wasan ƙarshe. A 1999 kuma, a Amurka, ta kai zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe. Birazil ta ci ta 3, ta farke duka ukun, sa'an nan aka fitar da ita da ci 4 da 3 bayan ƙarin lokaci.

Akwai wani abu da ya kamata mu riƙe daga wannan zamani. Manyan 'yan wasan da suka yi suna a lokacin duk sun ƙetare. Mercy Akide, wadda ita ce ta fara samun lambar gwarzuwar Afirka a 2001, Amurka ta tafi. Perpetua Nkwocha, wadda ta sami lambar sau 4, ta yi shekaru tana wasa a Siwidin. Ke nan hanyar da Oshoala ta bi an riga an share ta tun kafin ta taso.

3.0 Ƙuruciya da Shekarar 2014

An haifi Asisat Oshoala ran 9 ga Oktoba 1994 a Ikorodu, cikin Jihar Legas, a gidan Musulmi. Ta sha faɗa wa 'yan jarida cewa iyayenta ba su so ta yi ƙwallo ba, sun fi son ta mai da hankali ga karatu. Ba za mu ga laifinsu ba, domin a lokacin sana'ar ba ta da tabbas ga ɗiya mace, albashinta kaɗan ne, kuma rauni ɗaya yana iya kawo ƙarshenta. Duk da haka ta nace. Wajen 2009, tana 'yar shekara 15, ta shiga wata ƙaramar ƙungiya ta Legas mai suna FC Robo. Wannan ƙungiya ita ce kuma daga baya ta fito da Rasheedat Ajibade, wadda ta zama kyaftin ɗin Super Falcons. A 2013 Oshoala ta koma Rivers Angels ta Fatakwal, ƙungiyar da gwamnatin Jihar Ribas take ɗaukar nauyinta, ta ci gasar ƙasa da ita a 2014.

Shekarar 2014 ita ce ta sauya tarihinta. A watan Agusta aka yi gasar duniya ta 'yan mata 'yan ƙasa da shekara 20 a Kanada, kuma tana cikin ƙungiyar Nijeriya, watau Falconets, ƙarƙashin mai horarwa Peter Dedevbo. Ta ci ƙwallo 7 a gasar, 4 daga ciki a wasa ɗaya, wasan kusa da na ƙarshe, inda aka lallasa Koriya ta Arewa da ci 6 da 2. A wasan ƙarshe, ran 24 ga Agusta a Montreal, Jamus ta yi nasara da ci 1 da nema bayan ƙarin lokaci. Kofi ya kuɓuce, amma Oshoala ta karɓi lambar wadda ta fi kowa cin ƙwallo da kuma ta wadda ta fi kowa iya wasa.

Bayan wata biyu sai ga ta tare da manya a gasar Afirka da aka yi a Namibiya. A wasan ƙarshe da Kamaru, ita da Desire Oparanozie suka ci ƙwallo ɗai-ɗai, aka tashi 2 da nema, aka kuma zaɓe ta 'yar wasan da ta fi fice a gasar. A cikin shekarar Shugaba Goodluck Jonathan ya ba ta lambar girmamawa ta ƙasa. A farkon 2015 hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, watau CAF, ta naɗa ta gwarzuwar shekara, sa'an nan gidan rediyon BBC ya ba ta lambar gwarzuwar duniya da ya ƙirƙiro a wannan shekara, ta zama ta farko da ta karɓa. Duk wannan ya faru ne kafin ta cika shekara 21.

A nan za mu ga amfanin gasar matasa ga ƙasa irin tamu. Wasannin ƙungiyoyin gida ba a cika nuna su a talabijin ba, saboda haka wakilan ƙungiyoyin Turai ba su ganin 'yan wasanmu sai a irin wannan gasa. Watau gasar ta zama tamkar kasuwa, inda ake baje haja na mako uku, wadda ta yi sa'a a taya ta. Da a ce rauni ya hana Oshoala zuwa Kanada, da wataƙila ta daɗe a Fatakwal kamar sauran abokan wasanta.

4.0 Zama a Ƙetare

4.1 Ingila da Sin

A watan Janairu na 2015 ƙungiyar Liverpool ta ɗauke ta, ta zama mace ta farko daga wata ƙasar Afirka da ta yi wasa a babbar gasar mata ta Ingila. Zaman bai yi armashi ba. Ta ji rauni a gwiwa ta yi wata biyu ba ta wasa, ƙungiyar kuma, wadda ita ce zakara a 2013 da 2014, ta ƙare ta bakwai cikin takwas. A 2016 ta koma Arsenal ta Landan, suka ci kofin ƙalubale na Ingila bayan sun doke Chelsea da ci 1 da nema a filin Wembley, amma ba ta ci ƙwallaye da yawa ba. Wanda ya auna ta da waɗannan shekaru biyu kaɗai sai ya ce tauraruwar 2014 ta dushe.

A 2017 ta tafi ƙasar Sin, ta shiga ƙungiyar Dalian Quanjian, a lokacin da ƙungiyoyin ƙasar suke kashe kuɗi mai yawa wajen sayen 'yan wasa daga waje. A can ta sami abin da ta rasa a Ingila, watau a sa ta wasa kowane mako a matsayin 'yar gaba. Ta fi kowa cin ƙwallo a gasar 2017 da ƙwallaye 12, kuma ƙungiyar ta zama zakara a 2017 da 2018.

4.2 Barcelona

A watan Janairu na 2019 ƙungiyar Barcelona ta ƙasar Sifen ta karɓe ta aro, daga baya ta saye ta. Wajibi ne mu faɗi irin gidan da ta shiga. Tun 2015 Barcelona ta mai da sashenta na mata na ƙwararru, watau 'yan wasa ba su da wata sana'a sai wasan, ga albashi a kan kari, ga likitoci, ga filin atisaye, ga kuma makarantar horar da yara. Ran 18 ga Mayu 2019 ƙungiyar ta buga wasan ƙarshe na gasar zakarun Turai a karo na farko, a birnin Budapest. Lyon ta Faransa ta ci ta 4 tun kafin a tafi hutun rabin lokaci. Oshoala ta shigo daga benci ta ci ƙwallo ɗaya ana dab da tashi, ta zama mace ta farko daga Afirka da ta ci ƙwallo a wasan ƙarshe na wannan gasa.

Bayan shekara biyu, ran 16 ga Mayu 2021, Barcelona ta doke Chelsea da ci 4 da nema ta ɗauki kofin, Oshoala ta zama mace ta farko daga Afirka da ta ci shi. A kakar 2021 zuwa 2022 ƙungiyar ta ci dukan wasanninta 30 na gasar Sifen, ita kuwa ta ci ƙwallo 20 duk da raunin da ya yi ta damun ta, ta raba lambar yawan cin ƙwallo da Geyse Ferreira 'yar Birazil. A wannan kaka ce mutum 91,648 suka shiga filin Camp Nou don kallon wasan mata tsakanin Barcelona da Wolfsburg. A 2022 aka sa sunanta cikin masu takarar lambar Ballon d'Or, nan ma ita ce ta farko daga matan Afirka. Kafin ta bar ƙungiyar a 2024 ta ci mata ƙwallaye fiye da 100, ta ci gasar Sifen sau 4, kofin Turai kuma sau 2.

Gaskiya ne cewa a manyan wasanni sau da yawa daga benci take shigowa, domin ƙungiyar cike take da gwanaye. Amma wannan gogayya ita ce ta ƙara mata sani. Ta je Turai da gudu da ƙarfi da iya buga ƙwallo, a can ta ƙware wajen zaɓen wurin tsayawa da kuma wasan gajeren fasin da aka san Barcelona da shi.

5.0 Halin da Ake Ciki a Gida

Yanzu bari mu juyo ga ɗaya ɓangaren tarihin. A watan Disamba na 2016 Nijeriya ta sake cin kofin Afirka, ta doke Kamaru da ci 1 da nema a gaban jama'arta a Yawunde, ƙarƙashin Florence Omagbemi, kuma Oshoala ce ta fi kowa cin ƙwallo da ƙwallaye 6. Da 'yan wasan suka dawo Abuja sai suka ƙi fita daga otal har kusan mako biyu, saboda ba a biya su alawus da ladan wasanninsu ba. Sai da suka yi tattaki zuwa Majalisar Tarayya ɗauke da kwalaye kafin gwamnati ta saki kuɗi. Ba wannan ne karo na farko ba, an yi irinsa a Afirka ta Kudu a 2004. An kuma sake yi a Faransa a 2019 bayan Jamus ta fitar da su daga gasar duniya, sa'an nan a Maroko a 2022 suka ƙaurace wa atisaye saboda wannan dalili.

Abin da ya biyo bayan nasarar 2016 ya fi wannan muni. Zakarun Afirka suka yi shekarar 2017 cur ba a shirya musu wasa ko ɗaya ba. Da suka koma fili a watan Afrilu na 2018, Faransa ta ci su 8 da nema. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Duk da haka a ƙarshen wannan shekara suka sake cin kofin Afirka a Ghana, da ƙyar, a bugun fenariti da Afirka ta Kudu, bayan Oshoala ta ɓarar da wani fenariti ana cikin wasa.

Idan muka dubi ƙungiyoyin gida za mu ga tushen matsalar. Yawancin manyansu, kamar Rivers Angels da Bayelsa Queens da Delta Queens da Edo Queens, gwamnatocin jihohi ne suke riƙe da su, saboda haka ƙarfinsu ya dogara ga sha'awar wanda yake kan mulki. Daga Arewa kuwa ƙungiyoyin da suka yi suna kaɗan ne, fitattu su ne Nasarawa Amazons ta Lafiya, wadda ta ci gasar ƙasa a 2013 da 2017, da kuma Adamawa Queens. Da CAF ta fara gasar zakarun ƙungiyoyin mata a 2021, sai aka sami ma'aunin gwada ƙarfin gida zalla. Mamelodi Sundowns ta Afirka ta Kudu ta ci a 2021 da 2023, AS FAR ta Maroko a 2022, TP Mazembe ta Kwango a 2024. A waɗannan shekaru huɗu babu ƙungiyar Nijeriya da ta ɗauki kofin. Wannan ya nuna mana cewa fifikon Super Falcons ya rataya ne a wuyan 'yan wasan da wasu ƙasashe suke horarwa suna biya.

6.0 Daga 2022 zuwa 2025

A gasar Afirka ta 2022 a Maroko, Oshoala ta ji rauni a gwiwa tun a wasan farko, ba ta sake bugawa ba, Nijeriya kuma ta ƙare ta huɗu. A gasar duniya ta 2023 ta shigo daga benci a wasa da Ostareliya mai masaukin baƙi, ran 27 ga Yuli a Brisbane, ta ci ƙwallo na uku, aka tashi 3 da 2. Da yake ta riga ta ci Siwidin a 2015 da Koriya ta Kudu a 2019, sai ta zama ta farko daga Afirka da ta ci ƙwallo a gasar duniya uku. Ingila ce ta fitar da Nijeriya a zagaye na biyu da bugun fenariti. A wannan gasa FIFA ta fara yanka wa kowace 'yar wasa kasonta na kanta, dala 30,000 ga wadda aka fitar a zagayen farko, dala 60,000 ga wadda ta kai zagaye na biyu, domin kada haƙƙinsu ya tsaya ga yadda hukumomin ƙasashensu suka ga dama.

A farkon 2024 ta koma Bay FC, sabuwar ƙungiya a Amurka, ita ce ma ta ci mata ƙwallon farko a gasar ƙasar. A watan Yuli na 2025 ta ci kofin Afirka na huɗu a rayuwarta. Ita ta buɗe wa Nijeriya ci a wasan farko da Tunisiya, amma a wasan ƙarshe a Rabat, inda Maroko ta fara cin 2 aka farke aka ƙara ɗaya, na bayanta ne suka ɗauki nauyi, watau Esther Okoronkwo da Folashade Ijamilusi da Jennifer Echegini, ƙarƙashin mai horarwa Justine Madugu. Shugaba Bola Tinubu ya yi wa kowace 'yar wasa alkawarin kuɗin da ya kai dala 100,000 da gida da lambar girmamawa. A watan Satumba na wannan shekara Oshoala ta koma Al Hilal ta Saudiyya, ƙasar da ba ta bar mata shiga filin kallon ƙwallo ba sai a 2018, ta kuma kafa babbar gasar mata a 2022.

7.0 Kammalawa

A cikin wannan takarda mun bi Asisat Oshoala daga Ikorodu zuwa Fatakwal, daga nan zuwa Ingila da Sin da Sifen da Amurka da Saudiyya. Mun ga cewa wajen shekara shida kawai ta yi a ƙungiyoyin gida, sauran fiye da shekara goma a ƙetare ta yi su. Mun kuma ga cewa matakan farko da ta taka, watau ƙaramar ƙungiyar unguwa da ƙungiyar jiha da ƙungiyar matasa ta ƙasa, su ne suka fito da ita, amma babu ɗaya daga cikinsu da yake da ƙarfin kai ta inda ta kai.

Ita kanta ta gane wannan giɓi, shi ya sa ta kafa gidauniya da makarantar koyar da ƙwallo ga 'yan mata a Legas, inda ake haɗa wasa da karatu. Wannan yunƙuri abin yabo ne, kuma yana amsa damuwar iyaye irin nata, waɗanda suke tsoron kada wasa ya raba ɗiyarsu da makaranta. Amma aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. A ganinmu, kyautar da ake yi bayan an ci kofi ba za ta maye gurbin albashin wata-wata ba, ko kula da lafiyar wadda ta ji rauni, ko gasar makarantu da za a riƙa yi kowace shekara. Afirka ta Kudu ta ci kofin Afirka a 2022, Maroko kuma ta kai wasan ƙarshe sau biyu a jere, dukansu bayan sun zuba jari a ƙungiyoyinsu na gida. Idan Nijeriya tana so ta riƙe matsayin da ta daɗe a kansa, to, dole ne ta yi wa yarinya mai baiwa tanadin da zai sa ta iya rayuwa da sana'arta a cikin ƙasarta, ko da ba ta sami damar da Oshoala ta samu a Kanada a 2014 ba. Muna fata wannan ɗan bayani zai jawo hankalin manazarta su rubuta tarihin sauran 'yan wasan, musamman waɗanda suka fara suka ƙare a gida.